Yadda za ka tantance sabon bugun fayafayan Beatles kafin ka zuba kuɗinka

Masu tara fayafayan garmaho sun dame ni da tambaya guda: wane bugu na Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila ta shekarun 1960, ya kamata mutum ya saya, na dā ko wanda aka sabunta? Mai tambayar ya ga an manna wa kwalin takarda mai ƙyalli an rubuta "remastered" da "180 gram", ransa ya biya, yana neman wanda zai ce masa bismillah. To, wannan rubutun na jikin kwali ba ya gaya maka komai game da abin da kunnenka zai ji. Abu uku ne ke yanke hukunci: daga ina aka ɗauko sautin, wa ya yanka uwar faifan, kuma wace masana'anta ce ta buga shi. Ga yadda ake bin su daki-daki. Na ɗauki Beatles ne don an sake buga kundayensu sau da yawa ta hanyoyi mabambanta, amma matakan za su yi maka aiki ko Led Zeppelin kake nema ko Pink Floyd.

1. Fara duba na'urarka

Idan garmahonka irin ƙaramin nan ne mai kamar akwatin tafiya, wanda lasifikarsa ke jikinsa, dakata da sayen faifai mai tsada. Allurar irinsa tana danna tsagin faifai da nauyin da yakan kai giram 5 ko fiye, ga shi ba za ka ji bambancin bugu da bugu ba. Kana buƙatar garmaho mai hannun da ake iya daidaita nauyinsa, allura mai lafiya, ƙaramin ma'aunin nauyin allura, da burushin goge ƙura. Kowace allura da nauyinta: AT-VM95E ta Audio-Technica giram 2 take so, Ortofon 2M Red kuma 1.8.

Gargaɗi: wutar Najeriya da Nijar irin ta Turai ce, bolt 220 zuwa 230, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce, sau 60. Garmahon da aka yi don Amurka, idan injinsa da kaɗawar wuta yake daidaita gudunsa, ko ka sa masa taransifoma zai riƙa juyawa a hankali, muryoyi su yi kauri. Kafin ka zargi faifai, tabbatar faranti na juyawa sau 33 da sulusi a minti.

2. Rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa

Sake bugu shi ne a ƙara buga tsohon kundi, ko an taɓa sautin ko ba a taɓa ba.

Gyaran sauti, wato abin da ake nufi da "remastered", shi ne a ɗauko haɗaɗɗen sautin da aka gama tun shekarun 1960 a sake daidaita shi: a ɗan ƙara ƙarfin ƙasa, a rage kaifin sama, a cire ƙaras-ƙaras. Ba a matsar da murya, ba a ɗaga ganga ita kaɗai.

Sabon haɗi kuwa wani abu ne daban. Nan ana komawa kan tef-tef ɗin da aka ɗauki murya da jita da ganguna a rarrabe, a sake haɗa su daga tushe. Shi ne aikin da Giles Martin, ɗan George Martin furodusan Beatles, ya yi wa Sgt. Pepper a 2017, da farin kundin nan mai faifai biyu da ake kira White Album a 2018, da Abbey Road a 2019, da Let It Be a 2021, da Revolver a 2022. A Revolver ma sai da aka yi amfani da manhajar kamfanin Peter Jackson aka tsefe kayan kiɗan da aka ɗauka a haɗe kan layi ɗaya.

Gargaɗi: waɗannan kundaye biyar, sabon da za ka tarar a kanti yau sau da yawa sabon haɗin ne, kuma hoton kwalin iri ɗaya ne da na asali. Juya bayansa ka karanta ƙananan rubutun. In ka ga sunan Giles Martin da shekarar 2017 ko bayanta, ka san abin da kake riƙe da shi. Ba na kushe su, gangunan Ringo sun fito sarai a ciki. Sai dai wanda ke neman abin da mutane suka ji a 1967 ba shi ya saya ba.

3. Zaɓi mono ko sitiriyo, kundi bayan kundi

Mono sauti ne mai layi ɗaya, sitiriyo kuma an raba shi tsakanin lasifikar hagu da ta dama. Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma a nan kuɗi ya fi salwanta. Yawancin shekarun 1960 matasan Ingila garmaho mai lasifika ɗaya suke da shi, don haka haɗin mono shi aka fi ba wa lokaci, shi ne kuma mawaƙan suka fi zama a kansa. Kundaye biyun farko na 1963, Please Please Me da With the Beatles, a kan tef mai layi biyu aka ɗauke su. Sitiriyonsu sai ka ji murya duk a lasifika ɗaya, kiɗa a ɗayar, tsakiya wayam. Da abin sawa a kunne kam, minti goma ya isa ka gaji.

Wani lokacin ma ba waƙa ɗaya kake ji ba. "She's Leaving Home" ta fi sauri a mono. "Helter Skelter" ta mono ta fi gajarta, kuma babu ihun da Ringo ya yi a ƙarshenta. Yellow Submarine da Abbey Road da Let It Be kuwa ba a yi musu haɗin mono na musamman ba, sitiriyo ne gidansu.

Ra'ayina: daga kundin farko har zuwa Revolver, mono. Sgt. Pepper da farin kundin, duk wanda ka ɗauka ba ka yi asara ba, kodayake ni mono nake ɗora wa Sgt. Pepper. Ukun ƙarshe babu zaɓi. Ɗauki takarda ka jera kundayen da kake so, ka rubuta hukuncinka a gaban kowanne. Da ka yi haka za ka ga babu akwati guda da ya ƙunshi duk abin da kake so.

Ka kuma lura cewa kafin Sgt. Pepper, kundayen da kamfanin Capitol ya fitar a Amurka jerin waƙoƙinsu ya sha bamban da na kamfanin Parlophone a Ingila, har inda sunan kundin ɗaya ne. Rubber Soul na Amurka da na Ingila ba abu ɗaya ba ne.

4. Binciko tushen sautin

Yanzu ka tambayi kowane bugu: daga tef aka yanka shi kai tsaye, ko ya bi ta kwamfuta?

Bugun sitiriyo na 2012, akwati mai faifai 16 wanda kuma ake sayarwa ɗai-ɗai, an yanka shi ne daga fayilolin dijital na gyaran da aka yi a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan don faifan CD na 2009. Fayilolin masu bit 24 ne, kuma ba a matse ƙarfin sautinsu kamar yadda aka ɗan yi wa CD ba, amma dai dijital ne. Sannan Help! da Rubber Soul da ke ciki haɗin da George Martin ya sake yi ne a 1987, ba na 1965 ba.

Bugun mono na 2014, akwati mai faifai 14, daga tef na asali aka yanka shi ba tare da kwamfuta ta shiga tsakani ba. Sean Magee da Steve Berkowitz suka yi aikin a Abbey Road, suna duba bayanan da injiniyoyin farko suka rubuta suna kuma sauraron bugun farko don kwatance. Masu tara faifai kusan bakinsu ya zo ɗaya a kan ingancinsa, shi ya sa da ya ƙare a kasuwa farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, har aka sake buga akwatin a 2025. A 2024 kuma an fitar da kundayen Amurka na 1964 a mono, su ma daga tef, yankan Kevin Reeves.

Akwai kuma bugu na tsakiya da ake mantawa da shi: shuɗin akwatin nan na 1978 mai lamba BC 13, da sauran bugun sitiriyo na Ingila na shekarun 1970 da farkon 1980. Daga tef aka yanka su, ba su kai bugun farko tsada ba, kuma mai son sitiriyo ya gwada su kafin ya kalli na 2012.

Gargaɗi: kalmomi irin su "daga asalin tef" ba su nufin babu kwamfuta a hanya. A 2022 ta fito fili cewa kamfanin Mobile Fidelity, wanda mutane suka ɗauka daga tef zalla yake yanka, ya daɗe yana ratsawa ta kwafin dijital a fayafayai da yawa. Maganar ta kai kotu aka yi sulhu. Abin lura a nan shi ne masu alfahari da kunne sun yi shekaru suna yabon waɗannan fayafayan ba su gane ba. Don haka kar ka ɗauki dijital a matsayin zagi. Sanin tushen yana hana ka biyan kuɗin tef a ba ka fayil, shi ke nan.

5. Karanta rubutun da ke kusa da tsakiya

Tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai fili mai santsi. Karkata faifan ƙarƙashin fitila, ko ka haska tocilan wayarka ta gefe, za ka ga lambobi da haruffa, wasu an buga su da ƙarfe wasu an zana da hannu. Kwali ana iya musanya shi, wannan rubutun ba a iya musanyawa.

A tsofaffin bugun Ingila, XEX na nufin mono, YEX sitiriyo, kamar yadda a kwali PMC ke nufin mono, PCS sitiriyo. Lambar da ke bayan ɗan layi tana nuna yanka na nawa ne: -1 shi ne na farko. Gefe na biyu na Revolver mai XEX 606-1 yana ɗauke da wani haɗi na "Tomorrow Never Knows" da aka janye ba da daɗewa ba, shi ya sa ake rububinsa. A sabbin bugu kuma injiniyoyi kan zana alamarsu. Miles Showell na Abbey Road yakan rubuta sunansa tare da alamar cewa a rabin gudu ya yanka.

Kwafe rubutun duka, gefe da gefe, ka zuba shi a gurbin bincike na Discogs, shafin intanet da ake tara bayanan fayafayai ake kuma saye da sayar da su. Zai kai ka ga ainihin bugun, shekararsa, ƙasarsa da masana'antarsa. In mai sayarwa yana nesa, roƙe shi hoton wannan filin. Wanda ya ƙi turowa, bar masa kayansa.

Gargaɗi: in Discogs ya rubuta "Unofficial Release" a kan bugun, jabu ne. Yawancin fayafayan Beatles masu launin ja da kore da ake tallarsu da araha daga CD aka kwafo su.

6. Masana'anta da nauyi

Yanka ɗaya na iya fitowa da kyau a wata masana'anta ya lalace a wata. Bugun 2012 na kasuwar Turai kamfanin Optimal na Jamus ya buga shi, na Amurka kuma Rainbo da ke Kalifoniya, wanda ya rufe a 2020. Ƙorafin masu saye ya fi yawa a kan na Amurka: ƙara a tsakanin waƙoƙi da tsagin da bai cika ba. In za ka sayi na 2012, nemi wanda aka rubuta an yi shi a Tarayyar Turai. Na mono na 2014 duka Optimal ne ya buga.

Batun giram 180, kar ya ruɗe ka. Zurfin tsagi tun wajen yanka aka gama shi, kaurin robar ba ya ƙara masa komai. Faifai na yau da kullum giram 120 zuwa 140 ne, kuma mai kyau daga cikinsu zai doke mai nauyin da aka buga da garaje. Abin da nauyin ke ƙara maka tabbas shi ne kuɗin jirgi. Faifai mai hoto a jikinsa kuwa na rataye a bango ne, ƙararsa ta fi ta baƙi.

7. Yi lissafin kuɗi gaba ɗaya

Sabon faifai guda yawanci dala 25 zuwa 40 ne a kantin Turai ko Amurka. Amma ba shi ne kuɗinsa a hannunka ba. Ƙara kuɗin aikowa, wanda a faifai guda yakan kai kuɗin faifan ko ya wuce, sai kwastan, sai abin da banki zai yanka wajen canjin dala. Akwati mai faifai goma sha wani abu da littafi mai kauri kilo da yawa ne. Dabarar ita ce ka tara uku ko huɗu daga mai sayarwa ɗaya, ko ka aika su gidan ɗan'uwa a Landan ya taho da su a jakar hannu. Kar su shiga kayan da ake jefawa a cikin jirgi.

Ga na hannu, Discogs na nuna mafi ƙarancin farashin da aka sayar da bugu, da matsakaici, da mafi yawa. Matsakaicin za ka riƙe. Darajar lafiyar faifai kuma da haruffa ake rubuta ta: NM kusan sabo, VG+ an sha sauraro amma da ɗan tabo kaɗan, VG za ka ji ƙara ƙarƙashin waƙa. Ana ba faifai daraja daban, kwali daban. Kar ka sauka ƙasa da VG+ in sauraro kake so.

Gargaɗi: bugun farko na shekarun 1960 yakan yi ƙyalli a ido alhali tsaginsa ya cinye, domin da allura mai nauyi aka yi ta kunna shi a wuraren biki. Wannan lalacewar wanki ba ya gyara ta. Tambayi mai sayarwa ko da kunne ya gwada ko da ido kawai ya duba. Wannan ne babban dalilin da ya sa, ga mai son mono, nake fifita sabon bugu daga tef a kan tsohon da ba a san hannun da ya bi ba.

Ka kuma ce masa ya zare faifan daga kwali ya kwantar da shi a bayansa kafin ya naɗe, don kar gefensa ya tsaga kwalin a hanya.

8. Sayi ɗaya ka gwada kafin akwati

Ɗauki kundin da ka fi sani, wanda ka haddace inda kowace ganga ke faɗowa. Da ya iso, kafin allura ta taɓa shi:

Ɗora shi a faranti ka durƙusa idonka ya yi daidai da gefensa. In yana hawa yana sauka sosai, ya lanƙwashe. Sa allura ka kalli hannun: in yana lilo dama da hagu, ramin tsakiya bai zauna daidai ba, kuma za ka ji doguwar murya ko fiyano na rawa. Duba tsagin a haske ko akwai ɗige-ɗige farare a jere kamar ɗinki. Nan ne robar ba ta cika tsagi ba, kuma in allura ta zo wurin sai ka ji kamar an yaga ƙyalle. Duk ɗaya daga cikin ukun nan dalilin mayarwa ne. Ɗauki bidiyo nan take.

Sannan ka wanke shi, ko sabo ne. Tsaftataccen ruwan da aka turara, da ruwan wankin faifai, da ƙyalle mai laushi, kana bin tsagin a kewaye, ba ka jiƙa takardar tsakiya ba. Ruwan famfo ko na rijiya yana barin gishiri a tsagi.

Gargaɗi: in wajen masu batir za ka sayi ruwan, faɗa musu farin ruwan ƙari kake so, ba mai asid ba.

Wajen kwatance, daidaita ƙarfin sauti tukuna. Kunne kullum wanda ya fi ƙara yake zaɓa, ko da bai fi kyau ba. Saurari minti ɗaya na waƙa guda a wannan, ka saurare shi a wancan, kana bin abu ɗaya kowane zagaye: murya, sai jitar ƙasa ta Paul, sai farantan ganguna. Kar ka manta da waƙar ƙarshe a kowane gefe. Kusa da tsakiya tsagin ya fi matsewa, kuma nan ne yankan da bai yi kyau ba ke tona kansa, harafin "s" ya riƙa tartsatsi. In da hali, sa wani ya riƙa canza maka faifan ba ka gani ba. Za ka sha mamakin yadda tabbacinka zai ragu.

Faifan mono yana kunnuwa lafiya da allurar sitiriyo. In amfilifayarka na da maɓallin mono, danna shi, ƙarar tsagi za ta ragu. Akasin haka ne ke da haɗari: tsohuwar allurar mono ta zamanin dā tana cin tsagin faifan sitiriyo.

9. Yanke shawara kan tsohon kwafinka, sannan ka adana

Kar ka yi saurin sayar da tsohon bugun da kake da shi don sabo ya zo. Zauna da su biyun na ɗan lokaci. Sabo ana iya sake buga shi gobe, kamar yadda aka yi wa akwatin mono, farashin na hannu ya sauko. Na 1965 kuwa an gama buga shi.

Ajiya a ƙasarmu ita ce jarrabawar. Robar faifai tana fara laushi in zafi ya doshi digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana a Kano ko Yamai cikin watan Afrilu tana iya kaiwa nan. Kar ka bar kunshin a but kana yawon kasuwa. A gida, jera su a tsaye, ba a jingine ba, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Yage ledar masana'anta da ta matse kwalin, domin zafi na ƙara tsuke ta har ta lanƙwasa faifan. In kana son takardar tallan da aka manna a kanta, yanke ta ka sa cikin kwali.

Canza rigar ciki ta takarda zalla da mai shimfiɗar leda, don takarda na goge fuskar faifai. Rigar waje kuma guji mai kauri mai warin sabuwar roba, irin ta PVC: a cikin zafi tana fitar da tururin da ke dusashe faifan, kuma ba ya wankuwa. Lokacin hunturu, iska ta bushe, faifai na jan ƙura kamar maganaɗisu, don haka goge shi da burushi kafin kowane gefe, ka share bakin allura daga baya zuwa gaba, ka rufe murfin garmaho in ka gama. Allurar kanta tana da wa'adi, daga sa'o'i ɗari uku zuwa kusan dubu gwargwadon irin bakinta, don haka rubuta ranar da ka sa ta a jikin kwalinta.